Ranar da Na Hau Soro da Akwatin Rezo

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku aikin ordinatar, wato kwamfuta, cikin wata uku, ku jawo benci ku zauna. Na san abin da kuke hange: dattijo a inuwa, fanka tana kaɗa masa, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya, mutane suna ce masa injiniya. Ni ma abin da na hango ke nan lokacin da na bar rumfar da mahaifina yake sayar da kanwa a unguwar Birni na je wajen Malam Lawali a unguwar Zango. Sunana Bukar, kuma injiniyan nan babu lakwal, wato makaranta, da ta ba ni shi. Mutanen gari ne suka ba ni, akwai kuma shekarar da suka kusa karɓe abinsu.

Malam Lawali keken rubutu yake gyarawa tun asali. Da ordinatar ta shigo gari sai ya bi ta, kamar yadda mai jaki yake komawa amalanke. Kayan aikinsa turnabis uku ne na kwance ƙusoshin inji, da buroshin fenti, da ɗan zugazugin da ya saya wajen maƙera don hure cikin inji. Aikina na farko ordinatar wani mai kantin magani ce, aka ce in buɗe in share gidan zanzaron da ke ciki. Na share tas. Ina mayar da murfi sai na ga wani ɗan jan maɓalli a baya, na tura shi gefe, na jona kuran, wato wutar lantarki. Ƙarar da ta tashi har mai shayin ƙofar shago ya zubar da kofi. Malam Lawali ya tsaya cikin hayaƙi ya dube ni.

"Me ya sa ka taɓa shi?"

"Na ga ja ne, Malam."

"Barkono ma ja ne. Ka taɓa sa shi a ido?"

Shekara huɗu na yi a wajensa. A nan na koyi cewa duk wanda ya kawo maka inji matacce, da magana ɗaya yake shigowa: "Ban taɓa komai ba." Alhaji ne, ɗalibi ne, ma'aikacin biro ne, wato ofis, bakinsu ɗaya. Kai kuma ka gyaɗa kai, ka buɗe, ka tarar da miyar kuɓewa a ƙarƙashin maɓallai.

Daga baya na samu aiki a wata cibiya da ke ƙara wa malaman lakwal na ƙauyuka horo. Karatun ba a aji ake yi ba. Darussan suna can a wani dandalin karatu na intanet, wanda masu kula da shi suke babban birni. Malamarmu, Madam Falmata, ita take shirya darussan koyar da yara karatu: takardu, da muryarta da ta ɗauka, da 'yan bidiyo. Kowane guda a cikinsu shi muke kira fishiye. A biro Madam ce, a unguwa kuwa Ya Falmata, don gidansu yana kallon namu, kuma ta goya ni ina jariri. Wannan goyon ba ta taɓa bari na manta da shi ba.

Malaman ƙauye yawancinsu ba su da rezo, wato sabis ɗin intanet, a inda suke. Sai ranar Alhamis, ranar kasuwar Dole, su shigo gari a kan moto, wato babur, daga Takieta da Dakusa da Damagaram Takaya, kowa ya zare ɗan katin ajiya na salularsa, wato wayar hannu, ya miƙo mini in zuba masa darussan sati. Ni kuwa sai na shiga dandalin, in danna fishiye ɗaya, in jira ya sauko, in danna na gaba. Idan ya kusa ƙarewa rezo ya yanke, a koma farko. Malamai suna jingine da bango suna duban rana, don kowa yana da cefanen da zai yi kafin ya kama hanya. Wata Alhamis wani ya ce mini, cikin ladabi, ko in ba shi takardun ya kwafa da hannu, zai fi sauri.

Mafita ta zo ne a bakin wani baƙo da aka aiko ya yi mana bita ta kwana biyu. Muna shan shayi ya ce ai dandalin yana da wata ƙofar baya. In ka ba ordinatar adireshin ƙofar da suna da kalmar sirri, sai ta ɗauki dukan darussan ta nuna maka su kamar wani faifai ne a cikinta, dosiye-dosiye kamar jakunkunan takardu, ka buɗe wanda kake so, ka kwafi goma a lokaci guda. Ya rubuta mini adireshin a bayan kwalin sukari ya tafi. Sati guda na yi ina fama. Na zargi rezo, na zargi injin, na zargi baƙon da iyayensa. Ashe wata 'yar karkatacciyar sanda ce ta ƙarshen adireshin na bari, don na ɗauka tsagar kwalin ce.

Da na sa ta, injin ya tambaye ni harafin da zan ba sabon faifan. Na zaɓi Z, na Zinder, wato Damagaram garinmu. Na danna, sai ga darussan Madam duka a jere.

Na kira darakta Amadu, wanda muke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, na yi masa bayani da murya irin ta masu ilimi. Na ce da can 'yan garuwa ne mu, kullum sai mun je rijiya mun ɗebo. Yanzu na jawo famfo har tsakar gida. Na ce masa ya lura da kyau, abin da yake gani a Z ba kwafi ba ne, ainihin kayan ne da ke can sama, muna leƙensu ta taga. Ya gyara tabarau ya ce, "To, Allah ya sa ya fi famfon unguwarmu kawo ruwa." Ku riƙe wannan: da bakina na faɗi cewa ba kwafi ba ne. Babu wanda ya kai ni sanin haka a duk Damagaram.

Saura batun mabuɗi. In ka shiga da sunan ɗalibi, darasin satin kawai kake gani, kuma kallo ne naka, ba ka iya canza komai. In ka shiga da sunan malama, komai a buɗe yake, ka ƙara, ka rage. Ni ba na son jira, sai na je na roƙi Madam nata. Ta rubuta kalmar a takarda, ta riƙe gefenta ba ta saki ba.

"Bukar, amana ce fa."

"Haba Ya Falmata, ni ne fa."

"Shi ya sa na faɗa."

Watannin da suka biyo baya su ne daular rayuwata. Aikin yini guda ya koma na sa'a biyu. Malamai suna tafiya suna sa albarka, wani ya kawo mini zabi, wani gyaɗa. Na sayi riga mai aljihu huɗu. A cikin wannan daular ne ordinatar Madam ta hannu ta fara nauyi, ta kawo mini. Na ce sai an share ta gaba ɗaya. Ta ce darussanta fa, na shekara biyu? Na yi dariyar masana, na ce ai suna can sama, wuta ba ta cin su, gara ba ta kai musu. Na share.

Katunan malamai kuwa ba darasi kaɗai suke ɗauka ba. Suna shiga kowane shagon tura waƙoƙi, su ɗebo ƙwayar cutar nan da take haifar da fishiyen bogi masu 'yar kibiya a gefe. Da yake ƙofar Z a buɗe take da mabuɗin Madam, cutar ta bi ta ciki ta watsa 'ya'yanta a kowane dosiye. Wata Talata da damina, saura kwana goma sha biyu malamai su zauna jarrabawa, na ce yau zan yi shara. Na buɗe taga biyu a allo. Ɗaya ta tara mini na bogin kaɗai, ɗaya kuwa Z ce gaba ɗayanta. Salulata ta yi ƙara, wani Alhaji ne injin buga takardarsa ya cije. Ina ba shi shawara da kunne ɗaya, hannuna ya zaɓi duk abin da ke taga, ya danna sharewa. Injin ya tambaye ni da Faransanci ko na tabbata, don abin da aka share ta wannan ƙofar ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi ba dawowa. Tambayar nan na amsa ta sau dubu a rayuwata ban taɓa karanta ta ba. Na danna wi, wato e.

Sai aikin ya ƙi sauri. Rezo ya yi rauni, ɗan koren layin da ke nuna ci gaba yana jan ciki kamar hawainiya. Wani malalaci da ya bar shi, rezo ya yanke, ɓarnar ta tsaya a kan fishiye biyar. Ni ba malalaci ba ne. Na ɗauko doguwar waya, na jona akwatin da yake kamo mana rezo, na hau soron cibiya da shi. Na tsaya a rana tsaka na ɗaga shi sama da hannu biyu ina fuskantar dogon ƙarfen kamfanin salula. Na zaunar da mai gadinmu, Baba Ilu, a gaban allo yana sanar da ni.

"Injiniya, ya motsa!"

"Ya kai ina?"

"Ya wuce rabi! Kada ka sauke!"

Ban sauke ba. Kusan sa'a guda na yi a tsaye. Masu wucewa suna ɗaga kai suna cewa sannu da aiki. Mushe Amadu da kansa ya fito ya dube ni, ya aika aka sayo mini zoɓo mai sanyi, ya ce wa sakatare da ma kowa yana riƙe aikinsa haka.

Na sauko na sha zoɓona, na zauna in ga tsabtar da na yi. Z fari fat. Na rufe na buɗe. Fari fat. Na duba ɗaya tagar, ga na bogin nan har yanzu sunayensu a jere suna kallona, amma in na danna sai injin ya ce babu su. Kafin la'asar wani malami ya kira daga Dakusa, ya ce ya hau tudu ya samu rezo, ya shiga dandali, kowane darasi kansa yana nan amma cikinsa wayam.

Na ce masa, "Rezo ne, Malam. Ka ɗan jira."

A sana'armu rezo shi ne maraya, duk laifin gida a kansa ake saukewa. Kwana biyu na ɓuya a bayansa. Ina sallah ina roƙon Allah ya sa masu dandalin suna da ajiya.

Suna da ita, amma tsohuwa ce, tun kafin Madam ta ɗora kashi na biyu na darussan, wanda a kansa jarrabawar za ta fi tsayawa. Kuma suna da wani abin da ban yi tunaninsa ba: dandalin yana rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani abu, da ranar, da lokacin. Ranar Alhamis, malamai cike da tsakar cibiya da katunansu a hannu, darakta ya kira Madam biro. Ni ina ƙarƙashin teburinsa ina gyara wata waya. Ya ce daga sama, wato babban birni, an bugo, an ce Falmata ce ta share darussanta da hannunta ranar Talata kafin azahar, ana son bayani a rubuce, kuma ana maganar a dakatar da ita.

Daga inda nake ƙafafunta kawai nake gani. Sannan ta ce, a hankali, "Mushe, ban taɓa komai ba."

Shekara ashirin ina jin wannan magana, ranar ce farkon da na ji ta a bakin mai gaskiya. Ƙarƙashin teburin nan akwai sanyi, kuma babu wanda ya tuna ina ciki. Na ɗan ƙara zama, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na rarrafo na fito, na buga kaina da katako, na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Da sunanta na shiga."

Darakta ya cire tabarau. "Yaushe?"

"Ranar da kuka saya mini zoɓo."

Madam ta juyo ta dube ni daga hula har takalmi. "Abin da ka hau soro kake yi ke nan?"

"Shi ne, Ya Falmata. Ya ƙi sauri ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce wa darakta ya rubuta wa na sama gaskiyar abin da ya faru, har da nata laifin na ba da mabuɗi. Sannan ta ce, "Wata nawa kana zuba wa mutanen nan darussa a kati? To ka bi su ka roƙo."

Waɗanda suke tsakar cibiya na fara da su. Na tsaya a gabansu da rigata mai aljihu huɗu na ce yau ba zubawa zan yi ba, karɓa zan yi. Aka samu kamar rabi. Sauran suna hannun waɗanda ba su shigo ba, don hutu ne, kowa yana gonarsa. Da safe na ɗaure ordinatar ta hannu a cikin leda biyu, na hau moto.

Takieta da sauƙi, hanyar kwalta ce. Daga nan zuwa ƙauyukan Dakusa moto ta fi hawa kaina fiye da yadda na hau ta. A gona nake samun malamai, su goge hannu a riga su zaro kati. Kuma babu wanda ya bar fishiye da sunan da Madam ta ba shi. Wani ya sa wa nasa "na jiya", wani "mai wuya", wani "Madam tana faɗa". Suna cakuɗe da wa'azi da bidiyon kokawa da na bikin ƙanwar wani. Sai na buɗe kowanne na saurara. Wani malami ya bar salularsa a gida, ya miƙo mini hauya ya ce in riƙe masa kafin ya dawo. Na ce bari in taya shi. Da ya dawo ya tsaya yana duban kunyar da na nome, ya ce, "Injiniya, wannan da ka sare hatsi ne. Ciyawar ga ta nan ka bari." Labarina ya riga ni zuwa, don haka bai yi mamaki ba.

Kwana huɗu ina yawo, na haɗa komai sai darasi ɗaya, muryar Madam tana bayanin yadda ake koya wa yaro haɗa gaɓoɓi su zama kalma. Fishiyen yana da nauyi, kowa ya saurara ya goge don ya samu wuri. A wani ƙauye na Damagaram Takaya aka ce in nemi Malam Isufu, tsohon malami da ya kusa ritaya. Salularsa ba ta ɗaukar kati. A ta abokin aikinsa yake saurare, yana tsayarwa yana rubutawa, kalma bayan kalma.

Na same shi a gindin gawo yana gyara igiyar akuya. Na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ya buɗe mini daga nesa. Ga darasin nan cif, har da inda ta yi tari ya sa ɗigo uku. Na miƙa hannu. Ya mayar da littafin ƙirjinsa.

"Kai ne wanda ya share na sama?"

"Ni ne, Baba."

"To ba zan ba ka ba."

Na ce in ɗauki hotonsa da salula. Ya ce ita ma salular ai a hannuna take. Ya naɗe littafin a leda, ya cusa cikin riga, ya hau bayan motona. Haka muka shigo gari, yana riƙe da ƙirjinsa da hannu ɗaya, da ɗayan yana dukan kafaɗata in na yi sauri.

Madam ta zauna ta sake ɗaukar darasin tana karantawa daga littafinsa. Tana tsakiya ta tsaya. A gefen shafi Malam Isufu ya rubuta da jan biro cewa wannan misalin yaran ƙauye ba sa gane shi, shi da ƙwayar gyaɗa yake yi, kowace gaɓa ƙwaya ɗaya, yaro ya tura su su haɗu. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, don kansa ya rubuta. Ta ce a koma baya. Ta ɗauka da misalinsa, ta faɗi sunansa da na ƙauyensa a cikin darasin.

An yi jarrabawa a ranarta. Wasu sun ci, wasu sun faɗi, kamar kowace shekara. Madam ba a dakatar da ita ba. Ni ma ba a kore ni ba, darakta ya ce wanda ya yi irin wannan sau ɗaya ya fi sabon da bai yi ba tukuna. Har yau ina haɗa wa makarantu irin wannan faifai, da sunan mai kallo kawai, kuma ba na danna komai sai na ajiye kwafi biyu a wuri biyu.

Amma ranar mayar da darussan sama ita nake so ku gani. Masu dandali sun aiko wa Madam sabuwar kalmar sirri. Na goge tebur, na jera fishiye cikin tsari, na miƙa mata takarda da biro kamar wancan karon. Ta dubi takardar, ta ce in tashi. Ta zauna a kujerata, ta sa ni na juya baya ta buga kalmarta. Malam Isufu da Baba Ilu suna kan benci suna kallo.

"To, Bukar, ina zan danna?"

Na miƙa yatsa zan nuna mata a allo.

"Da baki," in ji ta. "Hannu a baya."

Na mayar da hannuwana baya na harɗe su. Fishiye ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har la'asar, ina tsaye ina faɗa tana dannawa. Da rezo ya yi rauni wajen azahar, Baba Ilu ya dubi akwatin, ya dubi matakalar soro, ya dube ni. Madam ba ta ko ɗaga kai daga allo ba.

"Bar shi, Baba," ta ce. "Za mu jira."